Ƙararrawar jirgin ƙasa ce ko ta makaranta? Yadda za ka tantance da wayarka

Darasinmu na yau ya ɗan kauce wa sababbin wayoyi da muka saba dubawa. Tsohon ƙarfe za mu taɓa, amma da waya a hannu.

Mu ɗauka kana zaune a Funtua, sai ga hoto ya shigo maka ta WhatsApp: ƙararrawa ce ta tagulla, ta yi kore-kore don daɗewa, mai ita ya ce daga kan jirgin ƙasa na zamanin Turawa aka cire ta, kuma wai in ta isa ƙasar waje miliyoyi za ta yi. Ko kuwa a gidanku take a Malumfashi, cikin tarkacen da Kaka ya bari, ga ɗan gwangwan a ƙofar gida yana tayawa da kilo. A na farko, kana iya zuba kuɗin takin bana a kan abin da bai kai rabinsu ba. A na biyu, kana iya miƙa kayan tarihi a tafi a narkar, a kan kuɗin datar wata guda. Binciken awa ɗaya ko biyu zai raba ka da duka biyun, kuma kusan duk kayan aikin suna cikin aljihunka.

Tarihi tukuna, kafin kyamara

Layin dogo ya isa Kano a 1911. Wanda ya ratsa Funtua reshe ne da ya tashi daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, ya bi ta Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Domin kwasar auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi. Malumfashi kuwa dogo bai je can ba, audugar da aka gurza a garin sai an ɗauko ta a mota zuwa tasha.

Kawunan jirgin da suka yi aiki a ƙasar nan a zamanin tururi akasarinsu ƙirar Birtaniya ne, daga kamfanoni irin su Vulcan Foundry da North British na birnin Glasgow. To ga abin da mai tallar ƙararrawa ba zai gaya maka ba: mutanen Ingila ba su da al'adar rataya wa kan jirgi ƙararrawa. Dokarsu ta 1842 ta tilasta wa kamfanonin jirgi su killace layinsu da shinge, don haka mutane da dabbobi ba sa hawa dogo barkatai, usur ɗin tururi ya wadatar. Amurka ce gidan ƙararrawa. A can layin a buɗe yake, yana ratsa gonaki da tsakiyar gari, har jihar Massachusetts ta kafa doka a 1835 cewa dole kowane kan jirgi ya ɗauki ƙararrawa mai nauyin aƙalla laba 35, kusan kilo 16 ke nan, a riƙa kaɗa ta kafin a isa mararraba. Abin ya zama baƙo a Ingila har ta kai wani kan jirgi mai suna King George V ya yi fice saboda ƙararrawarsa kawai. Tsaraba ce aka ba shi lokacin da aka kai shi wani bikin jiragen ƙasa a Amurka a 1927, daidai lokacin da ake aikin layin da ya bi ta Funtua.

Injinan dizal sun fara shigowa Najeriya a 1955 daga kamfanin English Electric. Daga baya aka sayo na General Motors na Amurka, sannan na Montreal Locomotive Works na Kanada a 1972. Idan ƙararrawar kan jirgi ta gaske za ta ɓullo a yankinmu, ta wajen kayan Amurka da Kanada ya fi kyau a fara nemanta. Ita kuma ta injin dizal yawanci ƙarama ce, sau da yawa ta baƙin ƙarfe, ana maƙale ta a ƙasan jikin injin, iska ce ke kaɗa ta. Ba ta da wannan ƙyallin da ake gani a finafinan kaboyi.

Saboda haka tun kafin ka kunna waya, sikeli ya riga ya rinjaya gefe guda. Tsohuwar ƙararrawa a Funtua ko Bakori ko Ƙafur ta fi kusa da zama ta tasha, wadda ake kaɗawa a sanar da tashin jirgi, ko ta makaranta, ko ta coci, ko ta gidajen gurzar auduga na kamfanin BCGA da ke Funtua da Malumfashi. Wannan bai rage mata daraja a tarihi ba. Sunan da aka laƙaba mata don a tsuga kuɗi shi ne abin tuhuma.

Yadda ta kan jirgi take

Ƙararrawar injin tururi ta Amurka abu ne mai nauyi. Faɗin bakinta yakan kama daga inci 12 zuwa 17, wato santimita 30 zuwa 43. Ari tef ɗin tela ka auna daga leɓe zuwa leɓe, ka bar tef ɗin a kai ka ɗauki hoto, domin hoton da babu ma'auni a cikinsa ba ya gaya wa kowa girman abu. Leɓenta kauri gare shi sosai. Ba ta da mariƙin hannu na katako, ba ta da zobe a ka. Wuyanta yana shigewa cikin wani lanƙwasasshen baƙin ƙarfe mai kama da karkiyar shanun huɗa, an ɗaure da babban noti a sama, ita kuma karkiyar tana lilo a kan mazauni mai ƙafa biyu wanda ake ɗaurewa a bayan tukunyar injin. A gefe akwai hannu da ake ɗaura wa igiya, ko wurin da ɗan injin iska ke tura ta. Idan aka haɗa ƙararrawa da karkiya da mazauni, nauyin yakan wuce buhun taki mai kilo 50. Duk wadda yaro zai ɗaga da hannu ɗaya ya kaɗa, ta fita daga lissafi.

Abu na gaba shi ne ya fi ba mutane mamaki. Ta gaske galibi jikinta sumul yake, ba sunan kamfanin jirgi, ba shekara, ba hoton jirgi. An goge ta a injin da ke juya ƙarfe, har za ka ga siraran layuka zagaye da jikinta. Idan akwai lamba, 'yar ƙarama ce da aka buga da guduma a saman wuya ko a jikin karkiya, wani lokaci sai an kwance noti ake ganinta. Ƙararrawar da ta zo da rubutu ɓaro-ɓaro a ciki, sunan wani kamfanin jirgi da shekara irin 1800 da wani abu, ga ta sakayau ba nauyi, wannan yawanci kayan ado ne na zamani da ake zubawa da yawa a sayar wa masu yawon buɗe ido.

Amma akwai rubutun zubi na gaskiya, sai dai yana nuna wani asalin ne daban. Manyan gidajen zubin ƙararrawa na Ingila suna sa sunansu da shekara a jikin aikinsu: John Taylor na Loughborough, Gillett & Johnston na Croydon, da Mears & Stainbank, sunan da gidan zubi na Whitechapel a Landan ya yi amfani da shi daga 1865 zuwa 1968. Ganin ɗayan waɗannan yana karkata ga coci ko makaranta ko hasumiyar agogo. Ta jirgin ruwa takan ɗauki sunan jirgin da shekarar da aka ƙera shi. Ta baƙin ƙarfe mai sunan C.S. Bell na Hillsboro a jikin karkiyarta, daga Amurka take, amma ta gona ce da makaranta da coci.

Haruffan hukumar jirgi kuma suna taimakawa wajen ƙiyasta shekaru. A 1912 aka haɗe layin Legas da na Baro zuwa Kano suka zama abu guda, sannan a 1955 aka kafa hukumar NRC. Ke nan abin da ke ɗauke da NRC ba zai girmi 1955 ba, ko da mai shi ya rantse cewa Lugga ne ya kaɗa ta da hannunsa. Sai dai kar ka manta ƙarafan buga haruffa ana sayar da su a kasuwa. Duba cikin ramin harafin: idan jikin ƙararrawa ya yi duhu amma cikin harafin yana ƙyalli, bugun bai daɗe ba.

Fitilar waya ta fi kyamara aiki

Yawancinmu idan za mu ɗauki hoton rubutu sai mu kunna filashi mu haska shi kai tsaye. A kan ƙarfe wannan yana shafe rubutun ne. Dabarar da masu nazarin kayan tarihi ke bi ita ce haske daga gefe. Shiga da ƙararrawar ɗaki mai duhu, ko ka bari sai bayan magariba. Ari wayar wani ka kunna fitilarta, ka kwantar da ita kusan manne da jikin ƙarfen ta yadda hasken zai bi ta kan fatar kamar hasken rana da hantsi bai yi ba. Kowane ɗan rami zai yi inuwa, lambar da ido bai gani da rana sai ta fito. Ka ɗauka da taka wayar, filashi a kashe, sannan ka matsar da fitilar ta hagu, ta dama, ta sama, kana ɗauka kowane karo. Taɓa allon a kan harafin don kyamara ta tsaya a kai. Kar ka ja hoton da yatsu don ƙara girma, gara ka matso da wayar.

Tsumma mai ɗan danshi ya isa share ƙura. Kar ka sa samfefa, kar ka sa ruwan batir, kar ka sa toka da lemon tsami irin na wankin tukunya. Wannan duhu da koren da ke jikinta shaida ce, kuma masu sayen kayan tarihi na gaske suna rage kuɗin abin da aka kankare.

Tagulla ce ko baƙin ƙarfe

Tagullar ƙararrawa haɗi ne na jan ƙarfe wajen kashi 78 zuwa 80 cikin ɗari, sauran kuma kuza. Maganaɗisu ba ya kama ta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ciro maganaɗisun matacciyar lasifika ka ɗora a jikinta. In ya manne, baƙin ƙarfe ne, ko da an shafe shi da fenti ruwan zinare.

Wayar ma tana iya yi, in tana da na'urar awon maganaɗisu, wadda ita ce ke juya allurar kamfas da manhajar nuna alƙibla. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa ba su da ita. Idan manhajar alƙibla ba ta juyawa a wayarka, ka san babu. Sauke Phyphox, manhaja ce kyauta daga jami'ar RWTH Aachen ta Jamus, ka buɗe sashen maganaɗisu. A fili, nesa da ƙarafa, za ka ga lamba talatin da 'yan kai a ma'aunin maikrotesla, wannan maganaɗisun ƙasa ne a yankinmu. Matso da wayar jikin ƙararrawar a hankali. Kusa da baƙin ƙarfe lambar za ta yi tsalle, kusa da tagulla da ƙyar za ta motsa. Ka lura, harshen da ke lilo a ciki da karkiyar sama yawanci baƙin ƙarfe ne, za su iya ruɗa awon. Ni dai na fi yarda da maganaɗisun lasifika.

Mai son ƙarin tabbaci yana iya aron sikelin rataye na masu sayen hatsi. Kwance ƙararrawar daga ƙarafanta, auna ta a iska, sannan ka nutsar da ita cikin duro mai ruwa tana rataye, a karkace don iskar ciki ta fita, kar ta taɓa gindin duron. Raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin awon biyu. Misali kilo 35 a iska, 31 a ruwa, bambanci 4. 35 a raba 4 ya ba da 8.75, wannan tagulla ce. Baƙin ƙarfen zubi yana ba da wajen 7.2, alminiyom kuwa 2.7.

Amo

Rataye ta da igiya yadda ba abin da ke taɓa jikinta, ka buga leɓen da guntun itace. Ja baya taku uku ko huɗu, don makirfon waya yana shaƙewa da ƙara mai ƙarfi. Manhajar Spectroid, ko sashen sauti na Phyphox, za ta zana maka amon a matsayin layuka masu gangarowa. Lafiyayyar tagulla tana ba da layuka da yawa a lokaci guda, kuma suna daɗewa kafin su dushe. Mai tsaga takan ce ƙwal ta yi shiru, layukan su yanke nan take, ko da tsagar ba ta ganuwa saboda an cike ta an shafa fenti. Iyakar abin da amo zai gaya maka ke nan. Ba ya faɗin shekara, ba ya faɗin kamfani, kuma duk manhajar da ta ce za ta yi haka tallace-tallace take so ka kalla.

Inda Google Lens ke yaudara

Lens yana kwatanta siffa ne, ƙararrawa kuwa duk siffarsu kusan ɗaya. Ka nuna masa ta makarantar firamare, zai jero maka hotunan na jiragen Amurka daga eBay da farashin dala dubu kaza. Kama da Wane ba Wane ba ne. Kuma wancan farashi kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba lallai an saya a haka ba. eBay yana da wurin da za ka tace ka ga abin da aka riga aka sayar kawai. Haka manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira: ka tura musu hoto, za su ba ka amsa mai daɗin ji cike da tabbaci, ko da kuwa cinta suka yi.

Inda Lens ke da amfani shi ne karanta rubutu. Ba shi hoton nan da ka ɗauka da hasken gefe, ya ciro maka haruffan, ka duba da idonka ko ya karanta daidai, sannan ka bincika sunan shi kaɗai cikin alamar zance. Akwai kuma amfani na biyu: hoton da aka turo maka na talla, saka shi a Lens ɗin. Idan ya fito a shafin wani gwanjo na Amurka na shekarun baya, mai tallar ba shi da ƙararrawa, hoto yake da shi.

Wayon ɗauke sabis

Wannan sai an yi hattara. Wasu za su ce tsohuwar ƙararrawa tana ɗauke da jan makuri, kamar yadda ake faɗa a kan tsohon dutsen guga na gawayi da keken ɗinki. Hujjarsu ita ce a kifa ta a kan waya, sai ka ga sandunan sabis sun ragu ko sun ɗauke. Babu wani sinadari mai wannan suna da ke aikin da ake jingina masa. A 2009 irin wannan jita-jita ta game Saudiyya a kan kekunan ɗinki na Singer, mutane suka riƙa kara wayoyinsu jikin allura suna gwadawa, farashin tsohon keke ya haura dubban riyal, aka yi ta asara.

Bayanin ɗaukewar sabis tsohon ilimi ne, Michael Faraday ya gwada shi tun 1836: ƙarfe idan ya kewaye abu yana tare igiyoyin rediyo. Sa wayarka cikin tukunyar alminiyom ta tuwo, ka rufe da murfi sosai, ka sa a kira ta. Abin da ƙararrawar ta yi, tukunyar Inna ma za ta yi.

Ƙararrawar da ta fi kowacce kusa da jirgi

Akwai wani abin da yawancinmu muka taso muna jin ƙararsa ba mu taɓa duba shi ba: guntun ƙarfen dogo da ake ratayewa a bishiya a makarantu, ana bugawa lokacin tara da tashi. In ana neman ƙararrawar da ta fito daga reluwe da gaske a yankin nan, ita ce wannan. Kuma ta fi kowacce sauƙin tantancewa, don kamfanonin da ke murza ƙarfen dogo suna fitar da tambarinsu a jikinsa, a siririn tsakiyar nan da ke tsakanin kai da gindi, suna maimaita shi a tsawon ƙarfen. Da hasken gefe za ka iya karanta suna irin Dorman Long ko Barrow ko Workington ko Cargo Fleet, duk masana'antun ƙarfe ne na arewacin Ingila, sai shekara, wani lokaci da wata a lambar Rumawa ko 'yan sanduna. Lamba kamar 45 ko 60 ko 80 nauyin yadi guda ne a laba. Shekarar ta ranar ƙira ce, domin akan cire ƙarfe daga wani layi a sake shimfiɗa shi a wani. In guntun da ke makarantarku ya dace da wurin tambarin, nemi izinin hedimasta ka ɗauka, aikin rabin awa ne.

Doka, da wanda za ka nuna wa

Kayan da ke tasha ko kan layi mallakar hukumar jirgin ƙasa ne ko da jirgi ya shekara nawa bai wuce ba. Jami'an Sibil Difens suna kama masu kwance ƙarafan dogo, da masu saye a hannunsu. Idan mai ƙararrawa ya kasa faɗin yadda ta zo hannunsa, ka bar masa kayarsa. Fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan kuma yana buƙatar izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, wadda dokar 1979 ta kafa, don haka mai yi maka alƙawarin wani Bature zai saya, tambaye shi ta wace hanya za ta fita.

Gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina ko na Kaduna wuri ne da za ka iya kai hotunanka. A Ebute Metta ta Legas akwai Jaekel House, ƙaramin gidan tarihin reluwe da ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara, an sa masa sunan Francis Jaekel wanda ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Najeriya. Mafi kusa kuma su ne tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya a Funtua da Zariya. Dattijon da ya shekara talatin a tasha, kallo ɗaya zai yi wa hoton ya ce maka ko ya san irinta. Je ka gaishe shi da kyau, ka zauna, ka roƙi izini kafin ka kunna rikoda.

Abin da za ka tura wa masani shi ne hoton gaba ɗaya da tef a kai, hoton ciki da harshe, hoton wuya da karkiya, hotunan duk wani rubutu, nauyi, sakamakon maganaɗisu, da abin da iyali suka sani game da inda ta fito. Kafin ka ɗauka, shiga saitin kyamara ka kashe adana wuri. Wayoyi da yawa suna ɓoye lambobin taswira a cikin hoto. WhatsApp yana goge su idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin fayil don kar ya rage kyau, suna tafiya tare da shi, mai karɓa yana iya ganin unguwarku har ƙofar gida. A hoton da za ka sa a Facebook ko TikTok kuma, ja ƙararrawar jikin bango wanda ba kowa zai gane ba, kar allon shago ko lambar mashin su fito a bayanta.